Gadiyan ɗin Rahmatu

A shekarun da ake kai keke rumfar Namadi, bakin titin Kalgo da ya miƙe Birnin Kebbi, ba a karɓo shi sai da rubutu a cikinsa. Ka kawo faci, ya zare tub, ya tsoma a daro, ya ga inda kumfa ke tashi, ya shafa sholisho ya liƙe. Kafin ya mayar sai ya ɗauko alli ya rubuta sunansa da boko a jikin robar, manyan baƙaƙe shida, kowanne ya karkace kamar mutanen da suka sha rana a layin kananzir. Wasu suka ce talla ce. Wasu suka ce asiri ne don keke ya riƙa dawowa wurinsa. Ba ko ɗaya. Kishi ne. An ce kishi kumallon mata, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa zama rumfar Namadi ya ga fuskarsa in wani shuɗin babur ƙirar Basfa ya wuce ba.

Namadi mutumin Wurogauri ne. Ya shigo Kalgo yana saurayi da famfo ɗaya da sifana biyu, ya kafa rumfa ƙarƙashin darbejiya, bai sake tashi ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga baƙin mai ya zauna masa a ƙarƙashin farce har sabulu ya sallama. Ya auri Hajjo mai ƙuli-ƙuli, suka yi shekara goma Allah bai ba su haihuwa ba. Ƙanwarsa guda ce a duniya, Larai, wadda aka kai Gwandu gidan Garba direban motar albasa. Garba ya rasu a hanyar kudu. Wata takwas tsakani Larai ta bi shi, ta bar yarinya 'yar shekara uku, Rahmatu, mai sunan mahaifiyar su Namadi. Shi ya sa har yau bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai Maisuna.

Ranar sadakar arba'in dangin uba suka zauna, kowa ya dubi ƙasa. Yayan Garba, Basharu, yana Sakkwato yana wani kwas, ɗaki ɗaya gare shi. Hajjo ba ta jira a gama duban ƙasar ba, ta ciro zani ta goya yarinyar, suka hau motar Kalgo. Ba a rubuta komai ba. Wa ke rubuta riƙo?

Shekara tara ta yi a hannunsu. Da ta yi ƙyanda Namadi ya rufe rumfa kwana goma sha ɗaya, kekunan gari suka yi ta tafiya a kan rim. Shi ya ƙera mata 'yar kujerar katako a gaban kekensa, kullum da safe ya kai ta firamare yana kaɗa ƙararrawa ko babu kowa a hanya. Da wayoyin taya ta koyi ƙirga. Baba take ce masa, babu wanda ya gyara mata, shi kuwa ko da wuƙa a wuya ba zai gyara ba.

A tamanin da bakwai ta ci jarrabawa, aka ba ta makarantar kwana ta 'yan mata a Birnin Kebbi. Namadi ya yi abin da ɗan mutunci ke yi, ya aika Gwandu a gaya wa dangin uba. Ranar kai ta sai ga Basharu. A lokacin ya zama akawu a ofishin gona, dogo ne mai tabarau, biro uku a aljihu, yana Hausa kamar rediyon Kaduna. A kan shuɗiyar Basfa ya zo.

Suka tsaya gaban wata malama da tulin fom a tebur. Ta tambayi sunan yarinya, da shekaru, da gari, Namadi na amsawa kansa na ƙara tsawo. Sai ta kai biro kan wani layi can ƙasa ta ce wane ne gadiyan. Namadi bai taɓa jin kalmar ba. Malamar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, wanda ke tsaye a kan yarinya a madadin uba, shi zai sa hannu.

To, a nan ne kara ta shigo. A wajen su Namadi ba a cewa ɗa nawa ne a gaban dangin ubansa, ko da kai ka tauna masa abinci. Kamar limanci ne in baƙo ya zo, kamar sa hannun farko a akushi. Kai za ka ce bismilla, shi ya ce a'a, kai ne. Ka ƙi, ya matsa. A ta uku ka karɓa kana sunkuyar da kai kamar an tilasta ka, kowa ya tashi da girmansa. Namadi ya san wannan kamar yadda ya san birki. Har ya goge babban yatsansa a gefen riga don dangwale, sannan ya nuna Basharu da hannu biyu.

"Ga baffanta nan. Shi ad da ita."

Basharu ya ce to. Ya zare biro ɗaya cikin ukun, ya cire marfi da haƙori, ya yi wani zane mai wutsiya, ya rubuta adireshin ofis a ƙasa. Malama ta buga hatimi ta ce na gaba. Namadi na tsaye, ƙin karɓa na biyu yana kan harshensa, na uku yana maƙogwaro, yatsa kuma fes kamar na ango.

A hanyar komawa ya gaya wa kansa takarda ce kawai, takarda kuwa ita ake ƙunshe ƙosai da ita. Ya yi wata uku yana gaya wa kansa haka.

Hutun farko Hajjo ta yi daɓe a ɗakin yarinya, ta kama zakara ta ɗaure. Namadi ya wanke kekensa ya tafi Birni tun hantsi. A bakin ƙofar makaranta wata matiron ta buɗe rajista, ta bi layi da yatsa, ta tambaye shi ko shi ne Malam Basharu. Ya ce a'a, shi ne dai ya riƙe ta. Ta ce ba ta musa ba, amma doka ce, ba a ba da ɗaliba sai ga gadiyan, ko wanda ya zo da takarda daga hannunsa. Yana hango Rahmatu ta cikin waya, zaune kan akwatinta tana ɗaga masa hannu. Haka suka yi ta kallon juna har azahar, sannan ya ji ƙarar Basfa.

Basharu ya yi murna da ganinsa, abin da ya fi ba Namadi haushi ke nan. Ya sa hannu a rajista, ya ɗaure akwati a baya, ya ce tunda ga shi an haɗu, bari ta je Gwandu kwana biyu ta ga dangi, sai ya kawo ta da kansa. Namadi ya ji bakinsa na cewa ai gida duk gida ne. Ya tuƙo kekensa Kalgo, kujerar katako ba kowa. Kwana biyun nan sai da suka haifi sha huɗu. Zakara ya ga ba a yanka shi ba har ya fara cara da gadara.

Washegarin dawowarsa daga Birni ya rufe rumfa ya nufi bakin kotu, inda Lukuman marubucin wasiƙa ke zama da teburinsa mai ƙafa uku da dutse. Lukuman ya yi aji biyu a sakandare aka kore shi, saboda haka babu abin da bai sani ba.

"Wai mi ake nuhi da gadiyan?" in ji Namadi.

Lukuman ya gyara zama, ya ce kalmar Turawa ce ta shari'a. In yaro bai balaga ba, kuma ba uwa ba uba, hukuma ba ta iya magana da dangi duka, sai ta kama mutum ɗaya ta ce kai na sani. Shi ke sa hannu. Shi ake kira in yaro ya yi ciwo ko ya yi laifi, shi ake aika wa sakamako, shi ke cewa a yi ko a bari. Ko asibiti za a yi wa yaro aiki sai da yardarsa. Namadi ya tambaya ko a cikin kalmar an faɗi wanda ya ciyar. Lukuman ya ce babu. Wanda ya yi jinya fa? Babu. Wanda ya kai firamare shekara shida, damina da rani?

"Kawu, kalmar ba ta san keke ba," in ji Lukuman. "Biro ta sani."

Bai gamsu ba, ya tari liman bayan la'asar, yana fatan littafi ya fi Turawa adalci. Liman ya ce reno dai na ɓangaren uwa ne, wannan Allah ya ba su lada. Amma waliyyi, ai baffa ne. Namadi ya yi godiya ya tashi. Ya zo neman magani an ƙara masa yaji a ido. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Da Basharu ya kawo ta, ta yi kyau har da 'yar ƙiba, abin da Namadi ya ɗauka a matsayin zagi. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, ina wuni." Ya waiga ya ga ko wani ne ya shigo bayansa. Ashe a Gwandu goggonninta sun zaunar da ita sun warware mata dangantaka zare-zare: wannan baffa, wannan goggo, na Kalgo kawu ne, Baba yana ƙasa, Allah ya jiƙansa. Ba ƙarya suka yi ba. Namadi ya amsa lafiya lau, ya fita ya zauna a rumfa ya kwance wata taya da ba abin da ya same ta.

Daga nan komai na Gwandu ya zama abokin gabarsa. Ya ce albasar can ruwa ce zalla. In direba ya ce daga Gwandu yake, sai famfo ya lalace. Basfa kuwa ya yi rantsuwa ba ya taɓa ta, ya ce ba keke ba ce ba mota ba, munafukar abin hawa ce. Rahmatu ta dawo da shan shayi da safe maimakon kunu, ta dawo da "Baffa ya ce" a bakinta. Baffa ya ce a riƙa tafasa ruwa. Baffa ya ce likita za ta zama. Namadi ya ce da Hajjo, shi da ya yi shekara tara yana magana ba a taɓa cewa ya ce ba.

Wadda ta fi ƙona shi ita ce ta ranar kasuwa. Wani mai goro daga Masama ya tsaya a rumfarsa a buga wa kekensa iska, yana ba da labari cewa ɗiyar Basharu akawu ta zo ta ɗaya a ajinsu, an karanta takardar a majalisar ƙofar gidansa, har an yi fatiha. Namadi bai ma san an yi jarrabawa ba. Ya tambayi mai goro wace ɗiya, don shi a saninsa 'ya'yan Basharu duk maza ne. Mai goro ya ce wata marainiya dai da ya riƙe tun tana ƙarama, mutumin kirki ne ai. Namadi ya buga masa iska har tayar ta yi ƙara kamar bindiga, ya kuma ce laifin tayar ne.

Hajjo ba ta da wannan ciwon na zagaye-zagaye. Ta ce ya tashi ya je makarantar a canza suna. Ya je. Shugabar makaranta ta saurare shi da mutunci, ta ce abu mai sauƙi ne, gadiyan na yanzu ya rubuto layi biyu cewa ya sauka, shi ke nan. Wato sai ya je ya roƙi Basharu abin da shi da bakinsa ya miƙa masa.

"To ka tahi ka roƙa," in ji Hajjo. "Kunyar mara kunya asara ta. Kai ka yi mishi kara, shi ya yi maka biro."

Ya shirya maganarsa kwana uku, har da inda zai yi tari. Ya sa rigar sallah ya hau motar Gwandu. Basharu ya tare shi da hannu biyu, aka shimfiɗa darduma, aka kawo fura mai sanyi, aka yanka kaza. Yaran gida suka zo suka gaishe shi ɗaya bayan ɗaya. Basharu ya ɗauko takardun sakamako daga cikin wata jaka, a jere a goge, yana karanta masa yana fassarawa, yana cewa wannan duk tarbiyyar Kalgo ce. Ta ina mutum zai fara? Duk lokacin da Namadi ya buɗe baki sai a tura masa cinya. Da la'asar Basharu ya ce zai kai shi tasha, aka tarar tayar Basfa ta baya ta kwanta. Namadi ya naɗe hannun rigar sallah ya yi mata faci. Faci mai kyau kuwa, don hannunsa bai iya mugunta ba ko zuciyarsa ta so.

Da ya dawo Hajjo ta dubi baƙin mai a rigar, ba ta tambaye shi komai ba. Ta ce dai Allah ya sa an biya shi da takardar. Ya ce tuwo ya yi gishiri.

A hanyar nan ta dawowa ne wani tunani ya kama shi. Ko da Basharu ya sauka, shi me zai sa a layin? Yatsa. A ƙasan zane mai wutsiya a ga tambarin yatsa kamar kashin tsaka. Sati bai zagayo ba ya shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a firamare, ya zauna kan bencin da Rahmatu ta taɓa zama, gwiwoyinsa na taɓa haɓa. Ya gaya wa malamin shi ba karatu ya zo yi ba, sunansa kawai yake so. Malamin ya ce ai sai an bi daga farko. Namadi ya yi haƙuri har aka zo kan N, ya tattara baƙaƙensa, bai sake komawa ba. Takarda tsada, tub kuwa kullum ga shi a hannu, alli ma na sana'a ne. Haka kekunan Kalgo suka shiga yawo da sunansa a ciki shekara huɗu.

Ranakun ziyara kuwa sai wanda ya gani. Namadi ya zo da bandar kifi da ƙuli-ƙulin Hajjo da yaji a kwalba. Basharu ya zo da madarar gwangwani da sabulu mai ƙamshi. Kowa ya shimfiɗa tabarmarsa ƙarƙashin bishiya ɗaya, suna gaisawa kamar 'yan uwa, Rahmatu na kai da kawowa tsakani kamar mai tallan ruwa. Namadi na lura da inda ta fi daɗewa. In ta yi dariya a can, sai ya tuno wani labarin ban dariya a nan. Amma ƙarshenta sai a leƙo daga ofis a ce gadiyan ɗin Rahmatu Garba, Basharu ya miƙe ya kaɗe riga ya shiga, a rufe ƙofa. Namadi ya zauna da kifinsa yana korar ƙuda.

Sau ɗaya ta taɓa yi masa maganar. Suna zaune su biyu, tana ɓare ƙaya, ta ce ƙawayenta na tambaya wane ne mai kifi. Ya ce me ta ce musu. Ta ce ta ce musu shi ne mai ita. Namadi ya dubi wani wuri can nesa, ya ce kifin bana bai yi mai ba. Ya yi wata guda yana juya maganar. Wani lokaci ta yi masa daɗi, wani lokaci ya ce ai da haka ne da an rubuta.

Ta gama a casa'in da uku. A lokacin an yi jihar Kebbi, ofisoshi sun cika Birni, Basharu ya samu ƙarin girma da furfura da ɗan tumbi. Da aka fara sayar da fom na makarantar koyon aikin jinya, shi ya saya mata. Ta karɓa ta ce za ta cike a Kalgo, can hankalinta ya fi kwanciya. Ta kuma roƙe shi ya biyo ranar kasuwa ya duba mata kafin a mayar.

Ranar kasuwar rumfa cike take, masu jiran faci, masu jiran inuwa, da Lukuman da ya zo aron famfo. Hajjo na gefe da farantin ƙuli. Rahmatu ta share bencin aiki da gefen mayafinta, ta shimfiɗa fom, ta danne da sifana don iska. Basharu ya gyara tabarau ya bi layi-layi yana gyaɗa kai. Komai ta cike, sai layi ɗaya can ƙasa. Namadi bai iya karatu ba, amma wannan kalmar ya san surarta kamar yadda ake sanin fuskar wanda ya taɓa marin ka. Ya ga hannun Basharu ya tafi aljihu. Ya ga an cire marfi da haƙori.

Sai dai shekaru sun koya wa Basharu wani abu. Ya zauna da manya, ya ga yadda ake yi. Ga jama'a na kallo, ga shi a rumfar mutum. Ya juya biron ya miƙa da hannu biyu, irin miƙawar da ake yi don a ce a'a.

"Malam Namadi, bismilla."

Namadi ya ji kara ta taso masa tun daga Wurogauri, da muryar ubansa da ta kakansa, duk suna cewa ka ce shi ad da ita. Bakinsa har ya buɗe. Hannunsa ne bai jira ba. Ya fizge biron kamar shaho ya ga ɗan tsako, har Basharu ya yi taga-taga. Ya durƙusa gaban benci, ya fito da harshe gefe, ya fara. Ya saba da faɗin tub, saboda haka N kaɗai ta cinye layin, A ta hau na sama, sauran suka gangara har inda aka ce kada a rubuta komai a nan. Da ya ɗiga wa I ɗigonta sai da biron ya huda takardar.

Wani tsoho mai jiran faci ya ce a'uzubillahi, ko sau ɗaya bai ƙi ba. Hajjo ta ce ya ƙi sau ɗaya a tamanin da bakwai, a haɗa da wannan. Rahmatu ta sunkuyar da kai tana ɓoye dariya.

Basharu ya ɗauki fom ɗin ya daɗe yana kallo.

"Ashe ka iya," ya ce. "Ni fa wancan karon don kada a sa ka dangwale gaban mutane na karɓa. Na ga kana ta goge yatsa. Da ka yi magana ai da tuni na sauka, kullum sai an kira ni ofis ina barin aiki."

Namadi ya ce ai ba komai, gida duk gida ne. Bai mayar da biron ba. A ransa ya yarda da rabin maganar, rabin kuwa ya ajiye, don mutum ba ya zubar da kishin shekara shida a yini ɗaya, bai san me zai sa a gurbin ba.

Lukuman ne ya ɓata masa rawar. Ya leƙo ya ce saura adireshin gadiyan, kuma akwatin gidan waya suke so. Namadi ba shi da akwati sai na sifanu. Basharu ya zare biro na biyu, ya rubuta lambar akwatin ofishinsu na Gwandu a ƙasan sunan, da ƙananan baƙaƙe masu tsabta.

Saboda haka wasiƙun makarantar jinya ma Gwandu suka riƙa zuwa. Bambancin dai, sunan Namadi ne a bayan ambulan, kuma Basharu, da yake akawu ne, ba ya buɗe wasiƙar da ba tasa ba. Sai ya hau Basfa ya kawo har rumfa. Namadi ba ya karɓa nan take. Sai ya gama facin da ke hannunsa, ya wanke hannu a daro, ya goge, sannan ya karɓa ya ɗaga ta saitin rana, ya bi bakin ambulan da farce ko an taɓa liƙin. Basharu na tsaye da tabarau, a shirye ya karanta masa. Namadi ya sa ta a aljihu ya ce a gai da mutanen Gwandu. Sai ƙarar Basfa ta ɓace sannan ya rufe rumfa ya tafi wurin Lukuman.

Garin ya yi wata guda yana maganar rashin kararsa, ya ce su yi ta yi. Ya daina rubutu a tub. Rahmatu ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi aure, waliyyinta kuwa Basharu ne kamar yadda liman ya faɗa, Namadi ya zauna a sahun gaba yana duban rufin masallaci. Har yau Kawu take ce masa, kuma har yau in an tambaye shi wa ya jawo, sai ya nuna gabas, wajen Gwandu, da haɓa. Biron yana nan cikin akwatin sifanu, ya bushe tuntuni. Basharu ya taɓa tambayarsa sau ɗaya, Namadi ya ce wane biro.